Yadda Na Goge Kakan Fuatino Daga Faifai

Masu bin labarin nan, sannunku da haƙuri. Na ga saƙonninku, har da na wadda ta ce in ban dawo na ci gaba ba za ta hau jirgi ta zo nan garinmu Apia ta kamo ni da kanta. Ba gudu na yi ba, zama ne ya gagare ni. Tun ranar Lahadi in na ɗauki waya zan rubuta sai in ajiye, in leƙa titi, in dawo in sake ɗauka. Kawu Ioelu har tambayata ya yi ko cinnaka ne ya shiga zanen da na ɗaura.

Ga wanda yau ya fara shigowa, sunana Penaia. Ina aiki a shagon kawuna a bayan kasuwar Fugalei. Gyaran rediyo da sifikun coci muke yi, kuma in mutum ya kawo tsohon kaset ko faifan garmaho mu juye masa a waya. Wannan ɓangaren ni kawu ya sakar wa, ya ce idonsa ba ya shiri da kwamfuta. Fuatino kuwa ita ce yarinyar da ke aiki a kantin magani a tsallaken titinmu, wadda na daɗe ina gaishe ta ban taɓa iya ɗora ko kalma ɗaya a kan gaisuwar ba. Sai kuma Fereti, mai neman aurenta. Shi ban taɓa ganinsa ba sai a hoto. Yana can birnin Auckland, a tsallaken teku, yana tuƙa babbar mota, kuma goggonta Mataniu tuni ta fara ce masa "ɗanmu".

To, wancan makon ne Fuatino ta tsallako titi da wani abu naɗe a rigar matashin kai. Tana sanye da koren yunifom ɗinsu, ta soke biro a gashi. Ni kuwa ina tsugune da sukudireba a baki.

"Sole, kana iya ta da matacce?" Sole, haka ake kiran saurayi a nan.

Na cire sukudireban. "Ya danganta da irin mutuwar da ya yi."

Ta yi dariya. Jama'a, wannan ce doguwar maganar da na fara yi mata a rayuwata, har na so in juya in ga ko kawu ya ji.

Ta zaro faifan. Kyankyasai sun cinye rabin kwalin, amma hoton ya rage: samari da 'yanmata cikin zane iri ɗaya, kowa da fure a wuya. Ta ɗora farce a kan wani siriri a layin baya, mai manyan kunnuwa.

"Kakana ke nan, Lafaele. Ƙungiyar matasan ƙauyenmu ce, da suka je Auckland tun kafin a haifi babana. Ni ban riske shi ba. Matarsa, Kaka Leitu, za ta cika shekara tamanin ranar Lahadi, kuma rabonta da jin faifan nan tun da guguwa ta tafi da garmahonta. Ina so ta ji shi bayan coci, a gaban kowa."

Na ɗaga faifan ga haske. Fumfuna ta yi masa fari-fari, ga gishirin iskar teku, ga wani dogon karce tun daga baki har kusa da tsakiya.

"Zan gwada, suga." Ba sukari nake nufi ba, haka muke kiran budurwa a nan.

"Kada ka gwada. Ka yi."

Ta tafi ta bar ni da ƙamshin man kwakwa a rigar matashin.

Bari in gaya muku yadda ake yi, don ku gane inda na ɓata. Faifai irin wannan ba a ɗora masa allura haka nan. Sai an wanke shi tukuna. Tataccen ruwa nake amfani da shi, irin na batir, da ɗigon sabulun wanke-wanke, da burushi mai laushi. A hankali ake bin zanen faifan yadda ya zagaya, ba a ratsa shi, kuma ba a barin ruwa ya taɓa takardar tsakiya. Sai a ɗauraye a jingine shi a inuwa ya bushe da kansa. Sau biyu na yi masa haka, ruwan farko kamar na wankin gwaza. Na share allurar, na daidaita nauyinta, na haɗa da kwamfuta, na saki.

Waƙar ta fito, amma kamar daga cikin kaskon da ake soya kifi. Muryoyi na can ƙasa, a kansu caaa, ga ƙwas-ƙwas ta ko'ina, ga wani kas-kas-kas da bai tsaya ba tun daga farko har ƙarshe.

A kwamfutar akwai abin da ke tsince irin wannan ƙarar. Yana da wani ɗan maɓalli da ake ja gefe: in ka ja kaɗan ya tsinci manyan, in ka ƙara ja ya bi har ƙanana. Na ja shi zuwa inda na saba tsayawa. Suyar ta ragu, manyan ƙwas ɗin suka tafi. Kas-kas ɗin nan dai yana nan daram.

Kawu ya zo wucewa da kofin shayi, ya tsaya ya saurara.

"Ya isa haka. Wanki in ya yi yawa riga ce ke yagewa."

Da na ji maganarsa da yanzu wani labarin nake ba ku. Amma a daidai lokacin wayata ta yi ƙara. Fuatino ce.

*Ya ake ciki?*

*Yana numfashi,* na rubuta.

*Goggo ta gaya wa Fereti. Wai ya ce da an aika masa, a can akwai injinan da ke mai da shi sabo fil, ba irin na bayan kasuwa ba.*

Ta bi shi da hoton fuska mai juya ido. Na san ba da mugunta ta turo ba. Amma "bayan kasuwa" ɗin nan ya tsaya mini a wuya kamar ƙayar kifi. Na jira kawu ya fita, na kama maɓallin nan na ja, na ƙara ja, har sai da kas-kas ɗin ya ɓace ɓat. Muryoyin suka tsaya su kaɗai, sumul, da jita a bayansu. Na saurara na sake saurara, ina jin kaina wani babba. Har cewa na yi a raina, Fereti, zo ka ji aikin bayan kasuwa.

Ranar Lahadi na ari a-kori-kurar kawu tunda bas ba ya fita. Na sa farar rigata ta coci da baƙin zane mai aljihu, na goge su har suna ɗaukar ido. Ƙauyensu yana gabas, a bakin teku. Na tarar an cika babbar rumfar gidan, manya sun jingina da ginshiƙai, an jera musu abinci a kan ganyen ayaba: gwaza, gasasshen alade, kifi, ganyen gwaza da madarar kwakwa da turirinsa ke tashi. Na zagaya ta baya na shiga cikin samari masu kai ruwan wanke hannu, don ba zan je gidan mutane in zauna a ɗauko mini ba. Fuatino na cikin farar riga da zane masu zanen shuɗin fure, tana yi wa kakarta fifita. Sau ɗaya ta kalle ni, na kusa zuba wa fasto ruwa a cinya.

Da manya suka gama ci aka ce in kawo. Na sunkuya na ratsa gabansu ina cewa "tulou, tulou", wato gafara dai, na ajiye sifika a gaban Kaka Leitu, na zauna na naɗe ƙafa. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, gashinta fari fat, da jan fure a bayan kunne. Na danna.

Waƙar ta cika rumfar tas, ba ko ɗigon ƙara. Tsofaffi suka fara gyaɗa kai, wata ta kama baitin tana bi. Har Goggo Mataniu ta ɗan ɗaga gira ta ce, "To, ba laifi."

Kaka Leitu ita kaɗai ba ta motsa ba. Ta karkata kai, ta kai kunne kusa da sifikar.

"Ƙara murya, yaro."

Na ƙara.

"Wuce zuwa ta gaba."

Na wuce. Ta saurara jim, sannan ta ɗago ta dube ni, ba da fushi ba, kamar mai tambayar hanya.

"Ina Lafaele?"

Goggo Mataniu ta matso. "Mama, ai ga shi nan cikin muryoyin maza."

"Lafaele cikin muryoyi?" Tsohuwar ta yi wata 'yar dariya. "Mutumin da in ya buɗe baki karnukan ƙauyen nan ke amsa masa? Ke ba ki san ubanki ba. Hana shi waƙa suka yi. Tabarma yake bugawa. A naɗe ta da kwalabe a ciki, a ba shi sanduna biyu, shi ke riƙe musu kiɗan gaba ɗaya. Ni don hannun nan nasa na aure shi, ba don kunnuwan ba." Ta sake duban sifikar. "Duk ga su nan, har Sieni mai muryar akuya. Shi kaɗai ne babu."

Kas-kas-kas.

Masu karatu, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Abin da na yini ina yaƙi da shi, na ja maɓalli har ƙarshe don in kashe shi, ashe mijinta ne. Kwamfuta ba ta san bambancin karce da bugun sanda ba, duk abu mai kaifi da sauri datti ne a wurinta. Ni da na tashi ina jin bugun tabarma a kowane biki, ni ya kamata in sani. Hankalina na kan Auckland.

"Ni na cire shi, Kaka," na ce. "Na zaci ƙarar faifai ce."

Wani yaro ya ƙyalƙyale da dariya, aka make shi. Fuatino ta daina fifita.

"Ai na faɗa," in ji Goggo Mataniu, tana magana da rumfar ba da ni ba. "Aikin da ya fi ƙarfin mutum a bar wa masu shi. Ba komai, Mama. Fereti na tafe ranar Asabar da manyansa, in zai koma sai ya tafi da faifan."

Da manyansa. Kowa a wurin ya san abin da ke kawo saurayi gidan mutane da manyansa.

Ban san yadda na tuƙo motar na dawo ba. Litinin na buɗe shago na kasa zama. Na share inda na riga na share. Na warware wayar sifikar da ba abin da ya same ta. In na ɗaga kai ga kantin magani can, ga koren yunifom yana kai da komo bayan gilashi, ba ta ko waiwayo. Na rubuta mata *Ki yi haƙuri*, na goge. Na rubuta *Zan gyara*, na tura. Alamar ta nuna ta karanta. Shiru.

A gida ma Inna ta gano ni, don labari ya riga ni isowa ta bakin matan coci.

"Gidan masu sarauta ne fa, Pena," ta ce tana tsince shinkafa. "Mu ba sa'o'insu ba ne. Ka je ka ba da kanka kunya a gaban fasto, ya isa. Ka cire idonka daga tsallaken titi."

"Aiki ne kawai ya kai ni, Inna."

"Aiki ne ya sa ka goge riga sau biyu?"

Kawu Ioelu bai ce ai na gaya maka ba, shi ya sa nake son mutumin nan. Ya ja kujera ya zauna kusa da ni ya ce, "Ɗanyen na nan?"

Yana nufin juyin farko, wanda ban taɓa ba. Yana nan. Ya sa na buɗe shi, na faɗaɗa zanen sautin har ya zama kamar tsaunuka, layi biyu, na hagu da na dama.

"Faifan wancan zamanin da murya ɗaya aka yanka shi," ya ce. "Duk abin da aka buga da gaske, za ka gan shi a layin nan biyu daidai wa daida. Karce kuwa yawanci gefe guda ya fi ci. Ka bi su da hannu, ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya karkata ka cire, wanda ya tsaya tsakiya ka bar wa tsohuwa kayanta."

Na duƙufa. A waƙoƙin farko abin ya yi, har na fara jin sandunan suna fitowa, ƙwas-ƙwas na raguwa. Amma da na isa inda dogon karcen nan ya ratsa, sai komai ya cakuɗe. Karcen ya yi zurfi, ya ci gefe biyun, kuma duk zagayen faifai sai ya buga sau ɗaya, a kan lokaci, kamar shi ma ɗan ƙungiyar ne. Wani wurin ya faɗo dab da bugun sanda, wani wurin a kansa. In na cire sai in ji kamar na sake yanke wa mutumin hannu. In na bari sai in ji ƙarya ce. Na cire, na mayar, na cire. Na tashi na sayi fanke a kasuwa na dawo ban ci ba.

Ranar Laraba da yamma wayar ta yi ƙara. Sai da na goge hannu a zane kafin na duba.

*Kaka ta ce ka zo gobe da injinka.*

*Don me?*

*Ni 'yar aike ce.*

*Kina fushi?*

Ta fara rubutu, ta tsaya, ta fara, ta tsaya. Ina kallon ɗigon nan uku suna rawa har idona ya yi ruwa. Abin da ya zo a ƙarshe shi ne: *Kada ka sa farar rigar nan, ta cika sheƙi.*

Yau Alhamis na hau bas da kwamfuta a cinya, wani yaron makaranta kuma a kan gwiwata ɗaya don wuri ya cika. Rumfar ba kowa sai Kaka Leitu a kan tabarmarta, da Goggo Mataniu a gefe tana guga, ta tara sababbin labulaye da zannuwan gado. Ban tambayi na mene ne ba. Na zauna na yi gaisuwa, na yi wa Kaka bayanin inda na maƙale.

"Kai ba ka san hannunsa ba, ta ina za ka gane?" ta ce. "Ba ni abin kunnen."

Na ɗora mata shi a kan farin gashinta, furen ya karkace. Na saki wurin a hankali. Ta rufe ido. Can sai yatsunta biyu suka fara bugun gwiwa.

"Wannan shi ne. Shi ne. Wannan datti. Shi ne. Datti."

Da ƙarfi take faɗa, yadda mai abu a kunne ke yi. Ni kuma ina bi ina sa alama, ina cirewa, ina dawo mata da baya. Ba ta yi shakka ko sau ɗaya ba. Muka zo wani wuri da bugu ya faɗo kafin lokacinsa, na kai hannu zan cire.

"Kul. Shi ne. Kullum in an zo amshin nan sai ya riga kowa, mutum ba haƙuri." Yatsun suka ci gaba da bugu. "Suyar kifin nan ma ka bar mini kaɗan. Haka na san shi."

Muka yi ta yi har inuwa ta juya. Da muka kai ƙarshen waƙar da ta fi wuya, na saka mata ita tun daga farko. Ba ta yi kuka ba. Ta dai riƙe abin kunnen da hannu biyu ta danna shi, kamar kada wani ya ƙwace. Goggo Mataniu ta ajiye dutsen guga tana kallonta, ta ce a hankali, "Mama, in ji?" Aka miƙa mata. Ta saurara ta juya mana baya, ta daɗe tana gyara labulen da ba abin da ya same shi.

Ina naɗe waya ke nan Kaka ta ce, "Yaro."

"Na'am, Kaka."

"Faifan nan ne ke kawo ka gidan nan, ko jikata?"

Na dubi tabarma. Na dubi ginshiƙi.

"Jikarki ce, Kaka."

"Abin nan ya toshe mini kunne. Me ka ce?"

Babu komai a kunnenta, jama'a. Na ɗaga murya har kaji suka watse a tsakar gida.

"Fuatino nake so."

Goggo Mataniu ta juyo. "Mama, mutanen Fereti jibi za su zo. An riga an yi magana."

"An yi maganar za su zo, su zo. Rumfar nan ba ta da bango balle ƙofa." Ta gyara furenta. "Mai son 'yar gidan nan ba ta tsallaken titi yake leƙe ba. Da rana tsaka yake zuwa, da manyansa da kwandon abincinsa, ya zauna a gaba kowa ya gan shi. Jibi Asabar. Gobe kuma, in ban manta lissafi ba, Juma'a ce." Ta kalli bayana. "Amma fa ba ni za a aura ba. Ko ba haka ba, Tino?"

Na waiwaya. Tana tsaye a bakin rumfar da butar shayi a hannu, ko yunifom ba ta cire ba. Ban san tun yaushe take wurin ba. Ta durƙusa ta ajiye butar a gaban kakarta, ta tashi ta koma madafa, ko inda nake ba ta kalla ba.

A bas na dawo. Na ce shi ke nan, na yi ihu a gidan mutane a banza. Muna shigowa gari wayar ta motsa a aljihuna. Fuatino ce.

*Mahaifiyarka kifi ta fi so ko kaza? In sani kafin gobe.*

Yanzu haka a kan dutsen ƙofar gidanmu nake zaune nake rubuta muku wannan. Ina jin Inna a baya tana kankare kwakwa tana 'yar waƙarta ta coci, ba ta san an gayyace ta ko'ina ba. Na tashi zan shiga na dawo na zauna, na sake tashi na dawo. Ga ta nan ta daina kankarar.

"Pena, kai ne a waje? Shigo mana, me kake jira?"